Buhun Injiniya a Kaskon Inna

Zuwa ga ƙanwata Malama,

Tela ce ke rubuta mini wannan, maƙwabciyata ta bayan katanga, wadda ta ɗinka miki rigar nan da kika ce ta matse ki a hammata. Ta bar kekenta ta zo ta zauna a bakin gadona da biro. Na ce mata yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta gyara mini baki.

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan da yara da 'yan jikoki. Yaya hawan jinin? Ni dai gwiwa ce, ta hagu ta fi ta dama rashin mutunci, amma ina takawa. Ido da sauƙi. Kunne kuwa ras, har abin da ba na so ina ji.

Kada ki ce me ya hana ni kiranki a waya. Injiniya ne ke danna mini lambar, ya tsaya a kaina har in gama, kuma zancen nasa ne. Shi ya sa na ba direban da ke zuwa wajenku takarda.

Malama, in a tsaye kike ki zauna. Ɗanki Injiniya ya bar aiki.

Ya bar ofishin ruwa, da kujerarsa da fankarsa da komai. Ba shi ya gaya mini ba. Takalminsa na ofis na gani a ƙarƙashin gado, gizo-gizo ya yi gida a ciki. Ina ta juya abin a raina sai ga wani abokin aikinsa da kwali a hannu, wai ga sauran kayan Injiniya, wai ofis duk ana kewarsa. Na ce ina ya je da ake kewarsa, mutumin da ya karya kumallo a gabana ɗazu? Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya ce sauri yake yi.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba, ranar Talata wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Ƙarti huɗu suka sauko da wani ƙarfe, kamar an kwantar da ganga a kan ƙafafu, da bututu, da wani faffaɗan faranti a gaba. Ɗakin Marigayi suka nufa da shi. Gadon da mijina ya cika a kai aka fito da shi aka jingine a tsakar gida kamar mai laifi, aka huda bango aka fitar da bututun. Sai buhuna suka biyo baya. Da Injiniya ya fita na zura hannu a ɗaya. Wasu 'ya'ya ne kore-kore kamar waken da bai nuna ba, ga tauri kamar tsakuwa, ba ƙanshin komai sai warin ɗanyar ciyawa.

Washegari da hantsi hayaƙi ya turnuƙe. Mai aski ya ƙetaro titi da bokiti, ya bar mutum da rabin kai a kan kujera. Matan layi suna ta salati. Har an watsa wa bango ruwa kafin ɗanki ya leƙo da tsumma a kafaɗa yana ba su haƙuri. Na ce, "Injiniya, me kake ƙonawa a ɗakin babanka?" Ya ce, "Gahawa ce, Inna. Suyarta nake koyo." Ya mai da ƙofa ya rufe.

Suya, Malama. Tela, rubuta shi da girma ta gani.

Shekara arba'in da ɗaya ina zaune a bakin tasha gaban kasko ina suyar gyaɗa. Ke kin sani, ke da aka sa makaranta ni aka bar ni wajen murhu. Yana da shekara uku kika kawo mini shi, lokacin da aka tura ki aiki nesa, ni kuma Allah bai ba ni nawa ba. A bayana yake barci ina juya yashi. Da ya fara wayo, in ya matso kusa da wuta sai in kore shi, in ce tafi ka ɗauki littafi. Duk hayaƙin da na sha, don kada shi ya sha ne. Gashin girata bai sake fitowa ba har yau. Ranar da ya fara zuwa ofis na kife kaskon na tura shi bayan ɗaki, na ce an gama. Yau ga mai digiri da tsumma a kafaɗa, in ya wuce ta gabana warin da na yi shekaru ina wankewa nake ji.

Ban yi masa faɗa ba, kuma kin san dalili. Gidan nan mu biyu ne. In na ɗaga murya ya ɗauki jaka, da wa zan zauna? Da gadon Marigayi? Ke kika haife shi, ke kika iya magana mai tsari. Ki kira shi ki dawo da shi cikin hankalinsa, amma kada ki ce ni na gaya miki.

Yayarki.

*

Yaya,

Na samu takardarki, na karanta sau biyu, na biyun a zaune kamar yadda kika ce. Muna lafiya. Hawan jini yana nan, ya hau ya sauka, mun saba da juna. Maigidan yana gaishe ki, ya ce ki daina tsuguno, ki riƙa wanki a kan kujera. Ki gaishe mini da Tela, ki ce mata rigar har yanzu ba mu shirya ba.

Yanzu ke ma ki zauna. Na sani. Wata huɗu ke nan da ya gaya mini.

Ya roƙe ni kada in faɗa miki sai abin ya kankama, domin ya san abin da suya take a wurinki. Ni ma da farko kwana biyu abinci bai shiga cikina ba. Amma na saurare shi. Shekara tara yana ofishin nan yana sa hannu a takardun da ba mai karantawa. Ya ce shi so yake ya yi abu da hannunsa, mutum ya sa a baki ya ce ya yi daɗi. Ki tambayi kanki a bayan wa ya koyi son wannan.

Kuma ba wasa yake yi ba. Akwai wata mata da za ta buɗe shagon shan gahawa ranar Asabar ta ƙarshen wata. Ta ɗanɗana tasa, ta ce ya kawo mata ta ranar buɗewa, in mutane sun so shi zai riƙa kai mata. A cikin buhunan akwai wani ƙarami mai jan zare a baki. Wata uku ya jira kafin ya iso, shi ya tanada don ranar. Duk abin da kike gani yana ƙonawa yanzu gwaji ne.

Don haka ba zan ce ya koma ofis ba, sun ma riga sun sa wani a kujerar. Abin da nake roƙonki, ki sassauta fuska. Ya ce mini tun da injin ya shigo ba ki dube shi sosai ba, sai ki ajiye masa abinci ki juya. Ki tsaya a bayansa, ki taimake shi da abin da za ki iya. Ba wadda yake jin nauyinta a duniya kamar ke, har ni.

Ki yafe mini ɓoyon da na yi.

Ƙanwarki.

*

Malama,

Tela ce dai ke rubutawa, yau Asabar. Ina gaishe ku gaba ɗaya. Gwiwa ta kumbura kamar an hura ta, amma za ki ji dalili, kuma ba na nadama.

Takardarki ta yi kwana goma sha biyu a hanya, wai motar direban ta lalace. Da Tela ta karanta mini wurin da kika ce kin sani, na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce ta ninke. Wata huɗu, Malama. Ni da nake wanke masa kwano ina zaune kamar baƙuwa, ke da kike can kin san har launin zaren buhu. Tun muna yara haka kike, ki san abu ki yi ta kallon mutum da ido kamar ba ke ba. Kwana biyu ban ce a buɗe takardar ba. Rana ta uku na ce a ƙarasa, sai na ji inda kika ce in taimake shi. To na taimake shi. Saurara.

Ranar Laraba injin ya tsaya. Yana cikin juyawa ya yi wata ƙara ya tsaya cik. Injiniya ya kwance shi, ya baje ƙarafa a ƙasa, ya fito da wani ɗan abu bai kai tafin hannu ba, wai babu irinsa a nan sai wani gari. Wai zai dawo Alhamis da yamma, ya soya Juma'a da safe, mai babur ya zo ya ɗauka bayan la'asar. Ba ni ya gaya wa ba, a waya na ji yana faɗa. Ni cewa ya yi kawai, Inna zan yi 'yar tafiya.

Alhamis ta wuce bai dawo ba. Juma'a gari ya waye bai dawo ba. Tela ta kira shi sau uku, ba ta shiga. Na zauna ina kallon ƙofar ɗakin. Ni duk zamana a tasha ban taɓa ce wa mai saye ya dawo gobe ba. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni ma a kishingiɗe na juya yashi. Na ce yaron da na raina ba zai fara sana'a da saɓa alkawari ba, ina da rai ina da hannu.

Na jawo kaskona daga bayan ɗaki. Bakinsa ya yi tsatsa amma cikinsa lafiya lau. Mai aski ya ɗebo mini yashi mai laushi daga inda ake gini, yana tambayata ko sana'a zan koma, na ce ya je ya ji da kawunan mutane. Na tankaɗe yashin na wanke. Na kwance jan zaren buhun nan, na juye 'ya'yan. Na jiƙa su a ruwan gishiri kamar yadda ake yi, don abin da bai sha gishiri ba ai lami ne. Na lura shi bai taɓa shiga ɗakin da gishiri ba, na ce yaro ne, wa ya koya masa. Na shanya a tabarma, rana ta yi mini kirki. Kafin azahar na hura wuta.

Malama, ashe hannu bai manta ba. Ina sa ludayi a yashin nan sai na ji kamar motoci suna lodi a bayana. Sun fi gyaɗa taurin kai, ba na musu. Suka yi rawaya, suka yi ruwan ƙasa, wani ɓawo mai laushi yana tashi yana manne mini a fuska. Can sai na ji suna fashewa, ƙas, ƙas-ƙas, irin ƙarar da nake ji ta bayan ƙofarsa kafin ya kashe wuta. Na ce to kun nuna. Na kwashe, na tankaɗe a rariya har sau biyu. Kasko bakwai na yi, a tsugune. Launin ya fito daidai da nasa, har ya fi nasa sheƙi.

Jakunkunan takarda masu tambarinsa suna jere a kan tebur. Na cika su. Abin da yake manne bakinsu da shi ban san kansa ba, sai Tela ta bi bakin kowace da farin zare a kekenta, layi biyu, tsaf. Ga ta nan tana cewa kada in sa ta a ciki, na ce ai ke ke riƙe da biron, ki cire kanki in kin isa. Mai babur ya zo ya ce ina oga, na ce oga ya bar saƙo. Ya ɗaure ya tafi.

Ki gaya wa maigidanki tsohuwa ta tsuguna, kuma ba ta mutu ba.

Yayarki.

Ƙari. Tela ba ta rufe takardar ba sai ga shi, wajen azahar. Ya shigo a firgice yana cewa abin bai samu ba sai da aka ƙera masa, kuma an sace wayarsa a tasha da duk lambobin da ke ciki. Sai ya ga buhun a ninke, ya ga kasko. Na ce kwantar da hankalinka, an kai tun jiya. Ya tsuguna ya ɗauki ƙwaya ɗaya da ta faɗi gefen murhu ya sa a baki. Sau ɗaya ya tauna. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. Ya miƙe ya fita da gudu. Wataƙila so yake ya riski buɗe shagon. Amma ban so yadda ya tofar ba.

*

Yaya,

Ina fatan gwiwa ta saɓe. Mu lafiya. Ba zan iya doguwar gaisuwa yau ba.

Takardarki ta iso bayan na riga na ji komai daga bakinsa, domin ya kira ni da wayar abokinsa. Na karanta yadda kike murna da kasko bakwai, na rasa inda zan sa kaina. Na san bai dawo gida ba, kuma na san bai ce miki komai ba. Bari in gaya miki, kada ki ji a bakin mutanen layi.

Gahawa ba a jiƙa ta, ba a sa mata gishiri, ba ta shiga yashi. Gyaɗa sumul take, yashi ya zube a rariya ya bar ta. Ita kuwa kowace ƙwaya tana da tsaga a ciki, yashi ya shige ya maƙale. Matar ta ga jakunkuna da ɗinki har ta yaba, ta ɗauka salo ne. Ta yarda da shi, ga hidima ta yi mata yawa, ba ta ɗanɗana ba. Shago ya cika da mutanen da ta gayyata. Aka juye a injin niƙa sabo fil. Kofunan farko suka fita, mutane suka kurɓa, wani dattijo ya tofar a rigar na kusa da shi. Kafin a gane abin da ake ciki injin niƙan ya fara kuka, haƙoransa sun ci yashi. Lokacin da ɗanki ya iso ana raba wa mutane ruwa suna kurkure baki, jakunkunan suna jere a kan kanta, kowa yana karanta tambarin.

Bai ce ke ce ba. Ya tsaya a gaban matar da baƙinta ya ce laifinsa ne.

Yana kwana a wurin abokinsa. Ya ce zai zo ya kwashe injin, ya samu wani ɗaki a bayan kasuwa, kuma can zai zauna shi ma. Na fara magana ya ce, "Mama, bari."

Ni na ce ki taimake shi. Abinci mai zafi nake nufi, da sakin fuska. Ban san kaskon yana nan ba. A cikinmu uku ban san wanda zan yi wa faɗa ba, shi ya sa na zauna ina rubutu. In ya zo kada ki yi masa taurin kan nan naki, don Allah.

Ƙanwarki.

*

Malama,

Tela ce. Ta ce in gaya miki tun ranar ba ta iya kallon farin zare. Ina gaishe ku. Gwiwa ta saɓe, yanzu ba ita ce ke ciwo ba.

Kwana tara na yi ban san abin da na aikata ba. Ina dafa abincin mutum biyu, rabi ya tafi wurin kajin Tela. In babur ya wuce in miƙe. Da takardarki ta zo, Tela ta fara karantawa a tsaye, ta kai wurin tsaga ta nemi wuri ta zauna. Na ce ta ɗauko mini ƙwaya ɗaya cikin waɗanda na share na tara a gwangwani. Na sa farce a tsagar. Yashi ya fito, Malama. Kaɗan, kamar kwalli. Na daɗe ina kallonsa a farcena. Sau biyu na tankaɗe fa. Sau biyu.

Washegari na ce Tela ta kai ni shagon. Mota biyu muka hau. Wuri ne duk gilashi, kujeru dogaye kamar na masu jiran a ɗauke su hoto, mutum uku kacal a ciki. Matar tana bayan kanta, 'yar siririya da tabarau, ba za ta girme shi ba. Na ce mata ni ce mai yashi. Ba ta gane ba. Na ce jakunkunan nan masu ɗinki, ni na soya, wannan da ke ɓuya a bayana ta ɗinke, shi yana can wani gari bai san komai ba. Ta cire tabarau ta riƙe. Ta ce in zauna, na ce kujerunki sun fi ƙarfin gwiwata. Ta shiga ciki ta kawo mini wata gajera.

Na gaya mata komai tun daga tasha. Ba ta katse ni ba. Ta ce ya zo har sau biyu, ya kwance injin niƙan da hannunsa ya canza haƙoran, bai taɓa ambatona ba. Na ce to yanzu kin ji gaskiya, ki mai da shi. Ta ce, "Inna, na ji, kuma raina ya sosu. Amma waɗanda suka tofar ba su dawo ba, kuma tambarinsa suka gani. Na riga na yi magana da wani." Na ce har abada ke nan? Ta ce ba ta sani ba.

Na tambaye ta ko akwai sauran tawa. Ta ce tana nan a ƙarƙashin kanta, ta rasa yadda za ta yi da ita. Na ce ta dafa mini. Ta ce a'a. Na ce abin da na ba mutane sai na sha, ko ta dafa ko in tauna. Ta daka a wani ɗan turmi ta zuba ruwan zafi. Ni ban taɓa shan gahawa ba a rayuwata sai ranar. Kamar an wanke murhu an zuba wa ruwan gishiri. Yashi yana ƙaras-ƙaras a 'yan haƙoran da suka rage mini. Na shanye tas, Tela ta juya baya.

Sai matar ta sake haɗa wani kofin, daga ɗan ragowar abin da ya kai mata tun farko, ta ce in kurɓi wannan. Ɗaci ne shi ma. Amma a bayan ɗacin akwai wani abu mai taushi, kamar ƙanshin 'ya'yan itace, ya zauna a baki bai tafi ba. Ba ƙauri, ba ɗanye. Na san wutar da ke ba da haka, ba kowa ke samunta ba. Yaron ya iya suya, Malama. Ya iya. Wannan ya fi gishirin tayar mini da hankali. Ban san lokacin da muka hau motar dawowa ba.

Jiya da hantsi ya zo da mota da ƙartin nan huɗu. Ya rame. Ya gaishe ni a tsaye kamar mai duba mita, na amsa. Suka shiga suka fara kwance bututu. Na jawo tabarma na zauna a bakin ƙofar gida. Ba hanya na tare ba, kada ki ce na yi taurin kai, akwai wurin wucewa.

Injin ya fita ta gefena. Buhuna suka fita. Sai katifarsa, sai akwatinsa. Da na ga akwatin ne bakina ya buɗe. Na ce masa na je shagon. Ya ce ya ji. Na ce na sha tawa na sha taka, na san bambanci. Ya kalli ƙasa.

Can ya ce, "Inna, da kin jira ni. Da makara na yi, haƙuri kawai zan bayar."

Na ce, "Da ka taɓa buɗe ƙofar nan sau ɗaya ka ce Inna zo ki gani, da na san ba a sa gishiri. Wata biyu ina sauraron suya ta bayan ƙofa kamar mai laɓe, a gidana."

Ya ce kunya ce ta hana shi. Na ce ni ma ita nake ji yanzu, tawa ta fi tasa, don tasa ta mutum ɗaya ce, tawa cike da shago. Ban ce ya yafe mini ba, bakin ya ƙi. Amma ya ji.

Sai ya zaro makullin gida daga aljihu ya miƙo mini. Hannuwana suna cikin zane, na bar su a can. Ya tsaya da hannu a miƙe. Direba ya danna hon. Ya sunkuya ya ajiye makullin a kan tabarma kusa da ƙafata. Na kalli bango. Ban yi kuka ba, ban roƙe shi ba, Tela shaida ce, tana leƙe ta katanga. Ya kai bakin mota ya ɗora ƙafa ɗaya. Ya daɗe a haka, har ɗaya daga cikin ƙartin ya ce oga rana tana yi. Sai ya sauke ƙafar ya dawo. Ya ɗauki makullin, ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu.

Ya ce, "To ki daina sa sakata ta ciki. In kin sa, wannan ba ya buɗewa."

Ya hau suka tafi.

Katifar ba ta sauko ba, kada in yi miki ƙarya. Shagon ma ya tafi, buhun da ya jira wata uku ya tafi, ni na cinye su da hannuna. Amma suna shan kwana na aika aka kira Mai aski, na ce ya zo da sukundireba. Ya ce Inna, mace ɗaya a gida, ki cire sakata? Na ce cire. Ya cire ta gaba ɗaya, da ƙusoshin. Tana nan a ƙarƙashin gadona.

Akwai sauran magana, amma na gaji. Tela, ajiye biron.

Malama, ni ce Tela. A nan ta yi shiru. Na jira ko za ta ƙara, ba ta ƙara ba. Idonta biyu, ta juya fuska wajen ƙofa. Na sa hannu a madadinta.